Jirgin da ba ya harbi ta gaba: ya kamata a saka Defiant a wasan War Thunder?

Ranar 19 ga Yuli, 1940, jiragen yaƙi 9 ƙirar Boulton Paul Defiant, na runduna ta 141 ta sojin saman Birtaniya, suka tashi daga filin Hawkinge domin sintiri a gaɓar teku kusa da Folkestone. Ba su jima a sama ba jiragen Jamus ƙirar Messerschmitt Bf 109 suka far musu. Kafin jiragen Hurricane su kawo ɗauki, an yi asarar 6 daga cikinsu, mutum 10 sun rasa rayukansu. Tun daga ranar sunan Defiant ya ɓaci, kuma har yau duk wanda zai lissafa jiragen da suka ba da kunya a Yaƙin Duniya na Biyu, da wuya ya tsallake shi.

Irin wannan jirgi ne yake raba kan masu buga War Thunder, wasan yaƙi na intanet da kamfanin Gaijin Entertainment ya fitar, wanda tun 2012 mutane daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa a cikinsa, kowa ya hau jirginsa su gwabza. Jiragen da ke ciki na gaske ne, ɗaruruwa, an kwaikwayi saurinsu da nauyinsu da makamansu daga takardun tarihi. Masu wasan ba sa ɗaukar wannan da wasa: a 2021 har takardun sirri na tankar Birtaniya, Challenger 2, wani ya fallasa don kawai ya nuna an yi kuskure a ƙirarta a cikin wasan. To idan jirgi ya kasa a fagen fama na gaske, me za a yi da shi a wasan da kowa ya shigo don ya yi nasara? Wasu na cewa ɓata lokacin masu zane ne. Ni ina ganin ya kamata a saka shi, kuma a saka shi da rauninsa yadda yake.

Sai an san dalilin da ya sa aka ƙera shi a haka kafin a yanke masa hukunci. A 1935 Ma'aikatar Jiragen Sama ta Birtaniya ta nemi a ƙera mata jirgi mai mutum 2, matuƙi a gaba, maharbi a baya cikin wani keji na gilashi mai juyawa da ƙarfin inji, ɗauke da bindigogin Browning 4. A fukafukai babu bindiga ko ɗaya. Matuƙi aikinsa ya kai jirgin gefen jirgin jefa bama-bamai na abokan gaba, ko ƙarƙashin cikinsa inda kariyarsa ta yi ƙaranci, maharbi kuma ya yi masa ruwan harsasai. Lissafin ba na wauta ba ne a lokacin. An ɗauka cewa masu jefa bama-bamai za su taso ne daga can Jamus, tafiyar da ƙananan jiragen rakiya ba su da man da zai kai su. Babu wanda ya sa a ransa cewa Faransa za ta faɗi a watan Yunin 1940, har Bf 109 ta samu filayen tashi a bakin mashigin ruwan Ingila, tafiyar mintoci kaɗan daga yankin Kent na Ingila.

Jirgin ya fara tashi a watan Agustan 1937. Injinsa Rolls-Royce Merlin ne, irin na Hurricane, amma an ɗora masa nauyin keji da mutum na biyu, don haka gudunsa bai wuce kimanin kilomita 490 a awa ba, alhali Bf 109 ta lokacin tana kaiwa wajen 560. Hawa sama ma da nawa yake yi. Duk da haka runduna ta 264, ƙarƙashin Philip Hunter, ta koyi yadda ake zama da shi. Idan aka kawo musu hari sai su yi da'ira suna saukowa a hankali, kowane maharbi yana tsare bayan ɗan'uwansa. A ranar 29 ga Mayu, 1940, a sararin Dunkirk, sun yi iƙirarin kakkaɓo jirage 37. Masana tarihi sun nuna adadin ya zarce gaskiya sosai, domin maharba da yawa suna harbin jirgi ɗaya kowa ya ce shi ya kayar, amma dai a ranar ba su aka kora ba. Runduna ta 141 ba ta ɗauki wannan dabarar da'ira ba. Kafin ƙarshen Agusta an janye Defiant daga yaƙin rana gaba ɗaya, bayan shi kansa Hunter ya tafi bai dawo ba.

A nan ne wasan yake da wata dama da tarihi bai bayar ba. War Thunder ba ya haɗa jirage bisa shekarar da aka ƙera su. Kowane jirgi yana da lambar ƙarfi, wadda masu wasa ke kira BR, kuma na'ura ba ta haɗa ka da wanda ya fi ka da sama da maki 1.0. Kamar dai yadda ba a sa sabon shiga dambe ya kara da wanda ya shekara goma yana kisa. Saboda haka jirgin da ya sha kashi a 1940 yana iya samun kansa tsakanin jirage masu fukafukai biyu na shekarun 1930, inda gudun kilomita 490 abin tinƙaho ne. Maganar cewa jirgi mai rauni ba shi da wurin zama ta faɗi tun daga nan, tunda ga Po-2 na Rasha, jirgin katako da yadi da aka yi don koyar da tuƙi, yana cikin wasan kuma yana da masoyansa.

Akwai misali mafi kusa. Brewster Buffalo ya daɗe a wasan. A hannun dakarun Marine na Amurka a yaƙin Midway, ranar 4 ga Yuni, 1942, an kakkaɓo 13 a safiya ɗaya. Amma Finland, wadda ta sayi 44 na wani samfuri mara nauyi, ta yi iƙirarin kayar da jiragen Tarayyar Sobiyet fiye da 400 da su, ita kuwa abin da ta rasa a arangamar sama bai kai 20 ba. Jirgi kusan ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne nauyin da aka ɗora masa, da wanda ya tuƙa shi, da wanda ya tarar a gabansa. Mai wasa da ya hau F2A-3 na Amurka sannan ya hau B-239 na Finland yana jin wannan bambanci a hannunsa, abin da karatun littafi ba zai ba shi ba.

Sai dai Defiant ya fi Buffalo wuyar sha'ani, kuma masu adawa da shi suna da hujja a nan. Duk tsarin wasan an gina shi ne a kan ka juya hancin jirgi wajen abokin gaba ka danna. Jirgin da ba shi da bindigar gaba dole mai shi ya koma mazaunin maharbi, ya riƙa tuƙi da harbi lokaci guda, ko ya bar wa kwamfuta ta yi harbin. Idan aka sa kwamfutar ta iya saiti sosai, jirgin ya zama dodo a ƙananan matakai, sababbin 'yan wasa su riƙa faɗuwa ba su san daga inda aka harbe su ba. Idan aka rage mata, ya zama abin farauta. Ga kuma wata matsala da ta fi wannan. Ana yawan cewa nasarar farko ta samu ne domin matuƙan Jamus sun ɗauka Hurricane ne suka biyo shi ta baya, suka faɗa bakin bindigogi 4. A yawancin fafatawar War Thunder kuwa, sunan jirginka yana rubuce a samansa tun daga nesa. Kowa ya san ta gaba ko ta ƙasa zai zo maka.

Akwai kuma yadda ake gyara lambar ƙarfin. Kamfanin yana duba sakamakon da jirgi ke samu a hannun masu wasa, ya ɗaga ko ya sauke. Jirgi mai wuyar tuƙi galibi ƙwararru ne kaɗai ke hawansa, su yi ta cin nasara da shi, sai alƙaluma su nuna kamar yana da ƙarfi, a ɗaga shi zuwa inda mai matsakaicin hannu ba zai iya komai da shi ba. Masu wasan sun daɗe suna kuka da wannan, kuma Defiant na cikin waɗanda abin zai fi shafa.

Duk waɗannan matsaloli ne na aiki, ana iya zama a warware su. Hanya mafi kyau ita ce a ba jirgin aikin da ya iya. Bayan an cire shi daga yaƙin rana, an shafa masa baƙin fenti aka mayar da shi farautar dare, kuma a lokacin sanyin 1940 zuwa 1941, da jiragen Jamus ke luguden wuta a biranen Birtaniya, ya kayar da masu jefa bama-bamai irin su Heinkel He 111 ta hanyar lallaɓawa ƙarƙashinsu yana harbi sama. Wasan da zai ba shi lada mai kyau idan ya tare masu jefa bama-bamai, ya kuma samar da fafatawar dare ko ta cikin gajimare, zai nuna Defiant a inda ya yi amfani. Kayan aunawa ma ba su ɓace ba: cikin 1,064 da aka ƙera, guda ɗaya cikakke ya rage, mai lamba N1671, wanda ya yi aiki da runduna ta 307 ta 'yan Poland, yana gidan tarihin sojin sama da ke Cosford.

Abin da nake tsoro shi ne gajeriyar hanya. A 1940 kamfanin Boulton Paul ya tsara wani samfuri, P.94, mai mutum ɗaya, babu keji, da bindigogi 12 a fukafukai. Bai taɓa shiga aiki ba. Shi ne zai fi sauƙin sakawa da sauƙin sayarwa, domin kamar kowane jirgi ake tuƙa shi. Amma wanda ya hau shi ba zai san komai ba game da mutumin da ke zaune a kejin baya, wanda wurin ya yi masa ƙunci har laimar sauka ta yau da kullum ba ta shiga, sai da aka ɗinka masa wata riga ta musamman mai laima a jiki, kuma idan kejin ya maƙale bayan harbi, fita takan gagara. Maharban Defiant da yawa a haka suka mutu. Idan za a sa sunan jirginsu a wasa, to a sa wanda suka shiga, da kejinsa da nawarsa da fukafukansa marasa bindiga, a ajiye shi a matakin da ya dace da shi.