Riƙon Wata Biyu: Yaran Tinduf a Gidajen Sifaniya

Uwar gida ta gyara ɗaki tun saura mako guda baƙon ya iso: sabon zanen gado, fitila a gefe, ƙwallo a kan matashi. Da asuba ta leƙa, sai ta tarar da gadon a ɗame yadda ta bar shi, yaron kuwa yana ƙasa a kan darduma, ko ya lallaɓa ya kwanta a bakin ƙofarta. Iyalai da yawa a Sifaniya sun san irin wannan daren. Yaron da ya tashi yana kwana tsakanin uwa da kaka da ƙanne bai taɓa jin inda ake rufe wa mutum ƙofa shi kaɗai a ce gata aka yi masa ba.

Baƙin nan 'ya'yan Sahrawi ne, daga sansanonin 'yan gudun hijira da ke kusa da Tinduf a kudu maso yammacin Aljeriya. Kakanninsu sun tsero daga Yammacin Sahara ne tun ƙarshen 1975, lokacin da Sifaniya ta tattara nata ya nata ta bar yankin ga Maroko da Muritaniya, yaƙi kuma ya ɓarke da ƙungiyar Polisario ta Sahrawi. An tsagaita wuta a 1991 da alƙawarin ƙuri'ar raba gardama, har yau shiru kake ji. Sansanonin na kan wani fako mai tsakuwa, inda zafin Yuli da Agusta kan kai maki 50. Domin a raba yara da wannan zafin aka kafa shirin Vacaciones en Paz, wato hutu cikin zaman lafiya, wanda ya faro a 1979. Duk shekara dubban yara, galibi 'yan takwas zuwa sha biyu, kan hau jirgi su yi wata biyu a gidajen talakawan Sifaniya, musamman a Andalus. Annobar korona ce ta tsayar da shi a 2020 da 2021.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin yaro a makon farko ruwa ne. A gida tanka ke kawo shi a zuba a ma'aji, a yi ta lallaɓa shi. A nan kuwa ka murɗa ƙarfe ya zubo, ka sake murɗawa ya ɗauke. Sai ka ga yaro ya tsaya a bayi yana buɗewa yana rufewa, ga shi kuma shi ne zai fara tsawata wa 'ya'yan gida in sun bar famfo yana zuba suna goge baki. Ranar da aka kai shi bakin teku, wani ya ruga ciki da kayan jikinsa, wani ya ƙanƙame hannun mai gida ya ƙi motsi.

Girki ma sai ya sauya. Mutanen Sifaniya da naman alade sai Allah, ana rataye cinyarsa a ɗakin girki kamar kayan ado, amma gidan da ya karɓi ɗan Musulmi ya san dole a kawar da shi daga kwanon yaro, a koyi duba bayan kwali kafin a sayi ko biskit. A Yuli rana ba ta faɗuwa a Andalus sai wajen tara da rabi na dare, abincin dare kuma sai wajen goma. Harshe bai cika zama matsala ba. Larabcin Hassaniyya yaran ke yi, amma ana koyar da Sifaniyanci a makarantun sansani, kuma kunnen yaro ba irin na babba ba ne. Kafin wata ya ƙare yana musu da 'ya'yan gida kan wa zai riƙe rimot.

Mai nauyin cikin aikin dai asibiti ne. Ana duba jini, ido da haƙora. Ƙarancin jini ya yi yawa a sansanonin, domin abincin agaji gari ne da shinkafa da wake da mai, ganye da 'ya'yan itace sai jefi-jefi. Ruwan rijiyoyin yankin na da sinadarin fuloraid fiye da kima, shi ya sa haƙoran yara da yawa ke da dabbare-dabbare. Akwai kuma cutar da ke hana hanji jure wa alkama, wadda ta yawaita a cikin Sahrawi fiye da akasarin al'ummu. Ka duba wannan ƙaddara: mutanen da burodi ne abincinsu na kullum.

Bahaushe ba baƙon riƙo ba ne. Mun san 'yar da aka ba gwaggo, mun san ɗan da ya girma a gidan kawu, mun kuma san yadda zumunci kan yi tsami ranar da aka tashi tambayar wa ke da ikon aurar da ita. Wannan riƙon ma bai tsira ba. Wasu yaran kan zauna a Sifaniya don magani ko karatu, shekaru su ja, yarinya ta zama budurwa mai tunanin can. An samu waɗanda suka je ganin gida iyaye suka hana su komawa, maganar ta kai ga jaridu da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. Wasu kuma na ganin zalunci ne a ɗanɗana wa yaro firji da tafkin wanka sannan a mayar da shi fako. Ni dai ban ga hujja a nan ba. Iyayen da ke tura 'ya'yansu sun fi kowa sanin fakon, kuma da yawansu su ma ta wannan jirgin suka bi suna yara.

Makon ƙarshe na awon jaka ne. Uwar gida ta ɗora akwati a sikeli, ta cire takalmi ta sa magani, ta cire magani ta mayar da rigunan sanyi, domin hunturun sahara ma ba wasa ba ne. Yaron kuwa ya riga ya raba kayan a zuciyarsa: wannan na ƙanwa, wannan na kaka, ƙwallon na yaran unguwa. A filin jirgi manya ne ke sharar hawaye, shi yana waige yana neman abokansa a layi. Bayan kwana biyu waya ta yi ƙara, ga uwarsa ta haihuwa a WhatsApp, tana zuba shayi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, irin yadda ake yi a Agadas, tana jera gaisuwa da Hassaniyya, yaron na tsakiya yana yi wa iyayensa biyu tafinta.