Kiwon ƙananan kifaye cikin akwatin gilashi: ado ne, amma rai ne

Ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa fatauci Dubai ko Cana ya san abin: wani ɗan akwatin gilashi bisa teburin biro ko cikin ɗakin baƙi, da yashi da koren haki a ƙasansa, ƙananan kifaye masu launi suna kai da kawowa. Turawa na ce ma shi akwariyom. Mafi ƙanƙanta daga cikinsu ba ya wuce litir 10 zuwa 30 na ruwa. Ƙanƙantar nan ita ke ruɗin mai saye, yana zaton sauƙi ya samu, alhali ƙaramin akwati ya fi babba wuyar kulawa.

Al'adar ta daɗe. Mutanen Cana sun yi kusan shekara 1.000 suna kiwon jan kifin ado. A birnin Landan aka buɗe gidan kallon kifi na farko a 1853. A zamaninmu, wani Bajapane mai ɗaukar hoto, Takashi Amano, wanda ya rasu a 2015, shi ya yaɗa salon shirya duwatsu da tsirrai cikin ruwa tamkar lambu, kuma salon nasa ya ƙara ma ƙananan akwatuna farin jini.

Ba kowane kifi ke zama cikin ƙunci ba. Jan kifin Cana, wanda aka fi sakawa cikin kwano mai zagaye, yana iya kai santimeta 20, ya rayu fiye da shekara 10 in ya samu wuri. Cikin kwano kuwa ba ya daɗewa. Shi ya sa a 2005 hukumar birnin Roma ta hana ajiye shi a irin wannan kwano. Waɗanda suka dace su ne irin su gufi, ɗan asalin Amurka ta Kudu, wanda ke haihuwar ƴaƴa da rai kuma yana cin tsutsar sauro, da kuma beta na ƙasar Tailan, mai dogon bindi. Shi beta yana tasowa sama ya shaƙi iska, amma mafaɗaci ne: ba a haɗa maza biyu wuri guda.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Kashin kifi da sauran abincin da ya ruɓe suna zama guba da ake kira amoniya. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama cikin matatar ruwa da yashi, su ke juya ta zuwa nitirit, sannan zuwa nitirat mai sauƙin illa. Ƙwayoyin nan na buƙatar sati 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Wanda ya zuba kifi ranar da ya sayi akwati, ya zuba su ne cikin ruwan da ba shi da mai tace shi. Cikin litir 200 guba na bazuwa. Cikin litir 15 kwana kaɗan sun isa.

Saboda haka masana ke ba da shawara uku: a rage abinci, a ba kifi abin da zai cinye cikin minti 2, a canza kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane sati, kada a zubar da shi duka, a bar ruwan famfo ya kwana a buɗe, ko a sa mashi maganin da ke kawar da kulorin.

A ƙasarmu akwai matsala ta dabam, wato zafi. Kifayen nan sun fi son ruwa mai digiri 24 zuwa 28, ga shi kuwa cikin Afrilu da Mayu zafin Yamai, Tawa ko Damagaram kan zarce digiri 40. In ruwa ya yi ɗumi iskar da ke cikinsa na raguwa, in kuma wutar lantarki ta ɗauke, injin da ke motsa ruwan ya tsaya. Dole akwatin ya nisanci taga, ya zauna ɗakin da ya fi sanyi, da fanka tana hura saman ruwan.

Abin mamaki, wasu kifayen da masu wannan sha'awa a Turai ke nema daga yankinmu suke. A 1928 wani masanin Jamus, Ernst Ahl, ya bayyana wani ƙaramin kifi daga rafin Kiyawa, kusa da Katagum a arewacin Najeriya, har sunansa na kimiyya ya ɗauki sunan rafin. Shi da danginsa na tafkin Cadi cikin kududdufan damina suke rayuwa. In rani ya zo iyayen sun mutu, ƙwan kuwa ya kwanta cikin busasshen taɓo har ruwan sama ya dawo. Masu kiwo na aika ma junansu ƙwan ta gidan waya.

Duk wanda ke shirin sayen wannan akwati, don gidansa ko don kasuwa, ya tanadi matata da maganin ruwa da haƙurin sati 6 kafin ya sayi kifi ko guda.