Farfaɗiya Da Saƙonnin Jijiya

Ni a Gashuwa na tashi, kuma tun ina yaro na san wani maƙwabcinmu masunci da farfaɗiya kan buge. Ranar da ta kama shi a bakin kogin Yobe, mutane suka dare, kowa na cewa kada kumfar bakinsa ta taɓa shi. Allah Ya sa ƙanensa na kusa, ya janye shi daga ruwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, don mu duba wannan cuta da idon ɗaliban harshe.

Mu fara da sunan. Ga alama daga "faɗi" aka ninka gaɓa, ɗ ta ƙarshen gaɓa ta koma r, aka sami "farfaɗiya". Wato Bahaushe ya raɗa sunan ne daga abin da ido ya gani. To amma ba kowace farfaɗiya ke kayar da mutum ba. Wani sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu, a kira shi bai ji ba. Ainihin abin a ƙwaƙwalwa yake. Ƙwayoyinta suna aika wa juna saƙo ta ɗan ƙanƙanin lantarki, kowanne a kan tsari. In wani gungu ya ɓarke da aikawa lokaci guda, shi ne bugun. Raunin haihuwa, da buguwar kai, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa duk kan jawo ta, kuma babu wanda muka rasa a arewacin Yobe. Kumfar baki kuwa ba ta sa wa kowa cutar. Tun 1924 wani Bajamushe, Hans Berger, ya fara ɗaukar wannan lantarki daga kan ɗan Adam.

Kalmar da ta fi ba ni wahala, ni da na koyi Hausa bayan Badanci, ita ce "jijiya": ta jini jijiya, ta agara jijiya, mai kai saƙo ma jijiya. Wadda nake nufi a nan mai kai saƙo ce, ta goma cikin tagwayen jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Likitoci na kiranta bagas. Takan bi ta wuya ta sauka zuciya da huhu da ciki. A 1997 Amurka ta amince da wata 'yar na'ura da ake dasawa ƙarƙashin fatar ƙirji, tana tsikarar bagas ta hagu a kai a kai don rage bugu ga waɗanda magani ya gaza musu.

Sai masu binciken digiri na uku suka juya tambayar: tun da ana aika saƙo ta wannan jijiya, ba a iya saurarenta? A Jami'ar Aalborg ta ƙasar Denmak, a 2011, an nuna a jikin ɓeraye cewa saƙonnin bagas kan sauya kafin jiki ya sandare. Daga baya aka ci gaba da irin wannan aiki a Jami'ar Luben ta Beljiyam. Manufar ita ce na'ura ta ji bugu na tafe, ta tsikari jijiyar nan take. Mai karatu ya ƙiyasta amfanin gargaɗin minti ɗaya ga masunci a fadamar Nguru, ko ga mace a gaban murhu.

Sai dai, a gaskiya, na'urar ta fi ƙarfin aljihunmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da bugu in an gano cutar an ba su magani daidai. Akwai ƙwayoyi masu araha irin finobabiton, wanda ake amfani da shi tun 1912.

In ta buge wani a gabanka, janye shi daga wuta ko ruwa, ka kwantar da shi ta gefe, kada ka cusa masa cokali ko ka ɗura masa ruwa. In ta wuce minti 5, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a Nguru akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya.