Abin da ke bayan goshin ɗan kabu-kabu

Wanda ya tsaya bakin hanya tsakanin Bana da Gaya ranar kasuwa ba zai rasa ganin samari a kan babura ba, wani da buhun hatsi, wani da fasinja biyu, suna tsere ba hular kwano. Dattawa kan girgiza kai su ce ƙuruciya dangin hauka. Masana ƙwaƙwalwa sun gano tushen wannan hali a bayan ƙashin goshi.

A nan ne sashen gaba na ƙwaƙwalwa yake. Shi ke tsara aikin gobe, ya auna riba da asara, ya riƙe lissafin canji a ka, ya kame bakin mai fushi kafin ya faɗi abin da zai yi nadama. Haƙuri da kunya da kawaici duk sun dogara da lafiyarsa.

Wani hatsari a jihar Vermont ta Amurka ya taimaka wajen gane haka. Ranar 13 ga Satumba 1848, albarushi ya tashi da Phineas Gage, shugaban leburorin shimfiɗa layin dogo, mai shekara 25. Sandar ƙarfe mai nauyin kilo 6 ta shiga ta kuncinsa na hagu, ta ratsa sashen gaba na ƙwaƙwalwarsa, ta fita ta ƙoƙon kai. Ya rayu, yana tafiya, yana magana, yana gane mutane. Amma likitansa, John Harlow, ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai zage-zage da gajen haƙuri, ya ƙulla shiri yanzu, an jima ya watsar. Daga baya ya samu sauƙi har ya yi aikin tuƙa keken doki a Chile, ya rasu a 1860.

Sashen gaba na ƙwaƙwalwa yana cikin sassan da ke nuna a ƙarshe. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna ba ya kammala girma sai wajen shekara 25, alhali sassan da ke kwaɗayin daɗi da yabo sun farka tun balaga. Saurayi ɗan shekara 17 kamar babur ne mai sabon inji wanda birkinsa bai gama kamawa ba. A 2005, Margo Gardner da Laurence Steinberg sun gwada mutane da wasan tuƙi a kwamfuta: matasa sun fi yin ganganci idan abokansu na kallo, manya kuwa ba su canja sosai ba. Rashin barci da giya da ƙwayoyi irin su tiramol suna ƙara raunana wannan sashe na gaba.

Abin tausayi shi ne, idan babur ya kife, gaban ƙwaƙwalwa na cikin wuraren da suka fi jin rauni, domin yana buguwa da ƙashin goshi daga ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma hular kwano mai kyau na rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da har zuwa kashi 74 cikin 100.

Don haka mai babur da ke ba yaro haya, da uban da ke sayen babur, su haɗa da hula, su kuma sa ido a kan barcinsa. Idan wanda ya faɗi ya warke a jiki amma ya koma mai saurin fushi, mantuwa ko rashin kunya, dangi kan ɗauka sammu ne ko iska. Ya kamata a kai shi asibiti, a shaida wa likita ranar da kansa ya bugu da yadda halinsa ya canja tun daga lokacin.