Makaɗan Jaz da Zumuncin Intanet

Jaz kiɗa ne da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka a farkon ƙarni na 20. Ginshiƙinsa shi ne karɓa-karɓa: wani ya busa, wani ya mayar masa nan take, kamar makaɗi da 'yan amshinsa. Saboda haka makaɗin jaz ba ya yi sai da 'yan'uwansa.

A da, rediyo ke sada makaɗa da juna. Tashar Africa N°1, wadda aka buɗe a Libreville ta ƙasar Gabon a 1981, ta daɗe tana watsa shirin Manu Dibango, mabushin saksafon ɗan Kamaru. A 2020 annobar korona ta yi ajalinsa, ta kuma sa aka rufe gidajen kiɗa.

A wannan shekarar, bikin Ranar Jaz ta Duniya na 30 ga Afrilu ya koma intanet, Herbie Hancock ya jagoranta. Sai dai sauti kan yi jinkiri a intanet, don haka kiɗa tare a lokaci guda yana da wuya. Dabarar makaɗa ita ce wani ya naɗi nasa ya aika, wani ya ɗora nasa a kai. Da haka amshi bai yanke ba.