Dabino Ba Dalbejiya Ba Ne: A Rage Masa Aski

A birnin Katsina an saba da bishiyar da ba ta fushi. Dalbejiya, wadda wasu ke kira bedi, ko an yi mata kwal-kwabo da gatari a tsakiyar rani, damina ɗaya ta ishe ta ta sake yin lema. Wannan sabo ne ya koya wa hannunmu cewa sara gyara ne, kuma da shi ake tunkarar dabinon da aka fara yi wa gidaje da masallatai ado da shi, daga GRA zuwa sababbin unguwannin bayan ganuwa. Sai a kira mai sara, a jingina tsani, kafin la'asar a bar bishiya da 'yan rassa biyar ko shida a tsaye kamar zankon yaro. Mai gida ya ce ta yi tsaf. A gaskiya an yi mata gyaran gangar Auzinawa ne, domin ƙa'idar dabino ita ce kada ƙarfe ya taɓa ɗanyen reshe sai da larura.

Dalilin yana cikin halittar bishiyar. Dabino ba ya rassa irin na mangwaro ko dalbejiya. Abin da muke kira reshensa, wato zarɓa, ganye ne guda ɗaya mai tsawon mita 4 zuwa 6, kuma dukkan ganyen daga wuri ɗaya tak suke fitowa, can a tsakiyar kai, inda zuciyar bishiyar take. Zarɓar da aka sare ba ta sake tohowa daga inda aka yanke ta. Sai dai a jira sabuwa daga sama, ita kuwa bishiyar ba ta gaggawa: ganye 10 zuwa 20 take fitarwa a shekara, kowanne ya yi mata aiki na shekara 3 zuwa 7 kafin ya bushe. Lissafin ba shi da wuya. Wanda ya zubar da ɗanyar zarɓa 40 a yini guda ya cinye wa bishiyar guminta na shekara biyu ko fiye. Kuma koren ganye shi ne madafarta, a nan take haɗa sukarin da ke zama zaƙin 'ya'ya. Shi ya sa manoman dabino ke ƙidaya ganye kafin su ƙidaya nono: kowane nonon 'ya'ya yana bukatar koren ganye kamar 8 zuwa 10 su ciyar da shi. Idan ganye ya yi ƙaranci, 'ya'ya su ƙanƙance, wasu su zube tun suna ɗanye, baɗi kuma fure ya ragu.

Har ganyen da ya fara rawaya bai gama aikinsa ba. A ƙasa mai yashi irin ta Katsina, wadda ba ta riƙe taki, dabino yakan janye abincin da ke cikin tsohon ganye ya tura wa sabo. Idan an sare shi kafin ya bushe ƙamas, an kwashe hatsi ne tare da rumbu, sai bishiyar ta koma ta tatsi na sama da shi, shi ma ya yi rawaya, mai gida ya sake kiran mai sara. A haka kai ke ta tsukewa, har ka ga gangar jikin ta sirance a daidai shekarun da aka matsa mata.

Masu goyon bayan askin suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Mafi ƙarfi ita ce ƙaya. Duk wanda ya duba gindin zarɓa ya ga jerin ƙayoyi masu tsini kamar basilla, wasu sun kai tsawon yatsa, kuma sukarsu kan kumbura ta daɗe tana zogi, musamman idan bakin ya karye a cikin nama. A gidan da yara ke guje-guje wannan abin tsoro ne. Amma maganin ƙaya shi ne a cire ƙayar. A gonakin dabino da wuƙa mai kaifi ake bin gindin kowace zarɓa a share ƙayoyin, ganyen ya ci gaba da aikinsa. Haka batun maciji, ɓera, kunama da gobara: busassun rassan da suka rataya a jikin bishiya su ne maɓoya kuma su ne makamashi, su kuwa ba wanda ya ce a bar su. Zarɓar da ta hau wayar lantarki ko take gogar kwanon rufi ita ma larura ce, a cire ta ita kaɗai. Hujjar da ba ta da tushe ita ce cewa sara yana sa dabino saurin tsayi. Ido ne ke yaudara, don an tone gangar jiki ta fito fili. Akwai kuma mai cewa tunda an biya kuɗin hawa, gara a sare da yawa a huta. Wannan arha ce mai tsada, ganin cewa bishiyar da aka shuka daga ƙwallo kan ɗauki shekara 5 zuwa 8 kafin a ɗanɗana 'ya'yanta, in ma an yi sa'a mace ce.

Sannan kowane ɗanyen yanka ƙofa ce. Ƙamshin ruwan da ke tsattsafowa daga rauni yana jawo ƙwaron da ke yin ƙwai a jikin dabino da dangoginsa, tsutsarsa ta yi ta ɓarna daga ciki ba a sani ba sai kai ya karye. Wasu cututtukan kuma a bakin zarto ko adda suke tafiya daga bishiya zuwa bishiya. Tunda zuciya ɗaya ce, in ta lalace babu toho na biyu.

Aikin da ya dace bai da yawa. Sau ɗaya a shekara, bayan an sauke 'ya'ya kuma a lokacin rani da rauni ke saurin bushewa, a cire zarɓar da ta bushe sarai da tsofaffin sandunan nono. A yi amfani da zarto ko lauje mai kaifi da aka wanke, a bar ɗan dungu a jikin bishiya, kada a fizge, kada barandami ya shiga gangar jiki. Duk zarɓar da ta miƙe a kwance ko ta kalli sama ba ta saruwa. 'Ya'yan gindi kuwa, wato ƙananan dabinon da ke tsirowa daga gindin uwa, kada a sare a zubar, su ne irin da ke gadon uwa sak, kuma wanda ke son koyon cire su yana iya neman shawarar reshen cibiyar binciken NIFOR da ke Dutse a Jihar Jigawa, wanda aikinsa ke nan. Mai gida, ran da za ka sa a hau dabinonka, ka tsaya a gindin da kanka ka nuna busassun da za a cire, kuma ka yi jinga a kan aikin, ba a kan yawan abin da ya faɗo ƙasa ba.