Tsofaffin Na'urorin Gem na Hannu da Hanyoyin Farfaɗo da Su a Abuja

Na'urar wasa ta hannu mai suna Game Boy, wadda kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar a watan Afrilu na 1989, ta girmi ƙaurar fadar gwamnatin tarayya daga Legas zuwa Abuja, tunda sai a watan Disamba na 1991 aka yi wannan ƙaura, amma duk da haka da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera a wancan zamani suna kamawa har yau idan aka kankare musu tsatsa aka sa musu sabon batir. Wannan ƙarko ya samo asali ne daga ra'ayin injiniyan da ya jagoranci ƙirarta, Gunpei Yokoi, wanda ya fi son a ɗauki fasahar da ta riga ta kwana biyu, ta yi araha, aka kuma san halinta, a nema mata sabon aiki. Shi ya sa na'urar ta zo da ƙaramin sikirin mai inuwa huɗu kacal kuma marar fitila, da batir huɗu irin na rediyo, da jikin roba mai kauri wanda kusoshi masu zare ke riƙe da shi maimakon gam. An sayar da fiye da miliyan 118 idan aka haɗa da Game Boy Color ta 1998, Game Boy Advance kuwa ta biyo baya a 2001, kamfanin Sony kuma ya shigo da PSP a ƙarshen 2004.

Yawancin yaran Najeriya na shekarun 1990 ba su riƙe ta asalin ba, domin abin da ya cika kasuwa shi ne Brick Game, ƙaramar na'ura 'yar China wadda ke kwaikwayon wasan jera tubali na Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, tana kuma alfahari da dubban wasanni alhali kaɗan ne ake ta maimaitawa. Na'urorin asali sun fi shigowa a matsayin tsaraba daga waɗanda suka yi tafiya waje, ko a cikin kayan gwanjo da ke sauka a tashoshin ruwan Legas su bi ta kasuwar Alaba kafin su watsu zuwa arewa. Waɗannan ne yanzu ke kwance a durowa da akwatunan gidajen ma'aikata, wasu kuma sun bi 'yan bola jari zuwa panteka.

Mai son farfaɗo da irin wannan na'ura a Abuja yana da sa'a guda, wato kusan duk kayan aikin da yake bukata suna kan teburin mai gyaran waya. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar a 2001 aka samu dubban matasa da suka koyi sarrafa ƙarfen narka dalma da mitar gwajin wuta da injin hura iska mai zafi, a wurare irin su Banex da ke kan titin Aminu Kano a Wuse II, da Farm Centre a Kano, da Computer Village a Ikeja. Hannun da ya saba da sauya wurin cajin wayar zamani, inda ƙafafun wayoyin suka kusa kai siririn gashi, ba zai sha wahala da allon Game Boy ba, domin sassansa manya ne kuma akwai tazara a tsakaninsu. Abin da kan rage wa irin wannan mai gyara shi ne sanin cututtukan da suka keɓanci waɗannan na'urori, da kuma sukudireba mai baki uku, saboda Nintendo ya ɗaure yawancinsu da kusoshi masu tsaga uku don kada a riƙa buɗe su a gida.

Cutar da ta fi yawa ita ce zubar batir. Idan aka manta da batir a cikin na'ura na tsawon shekaru, ruwan da ke cikinsa yakan tsiyayo ya bushe ya zama farin gari a kan ƙarafan da ke ɗaukar wuta, kuma da yake wannan ruwa ɗan gidan kanwa ne a ilimin sinadarai, abu mai tsami ke kashe kaifinsa. Saboda haka ake ɗiga ruwan khal a wurin, a goge da tsohon buroshin haƙori, sannan a bi da sifirit mai saurin bushewa, a kuma tabbatar babu sauran laima kafin a mayar da wuta. Madannan da suka daina amsawa ma galibi datti ne ya shiga tsakanin allo da baƙin ɗigon da ke ƙarƙashin robar madanni, kuma a garin da ƙurar hunturu ke ratsa kowace kafa daga Disamba zuwa Fabrairu, wannan gogewa kaɗai takan dawo da na'urar da aka riga aka yanke wa ƙauna.

Sikirin ya fi bukatar haƙuri. A Game Boy ta farko akan ga layukan hoto na tsaye sun ɓace, dalilin kuwa shi ne siririyar igiyar da ke haɗa gilashi da allo ta saki, kuma ana maganinta ta hanyar bin bayanta a hankali da ƙarfen dalma mai matsakaicin zafi har layukan su dawo ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi gaggawa ko ya danna da ƙarfi yakan ƙona igiyar, kuma daga nan babu gyara. Akwai kuma wata illa da ta fi addabar ƙasashe masu zafi da laima, inda ledar da ke manne a fuskar gilashin, wadda ita ke tace haske har hoto ya bayyana, take ruɓewa ta yi baƙin tabo a tsakiya tare da wari mai tsami. Zafin Maris da laimar daminar Abuja, wadda kan kai daga Afrilu zuwa Oktoba, sun ishi na'urar da aka rufe a akwati ta kamu da wannan, sai an ɓare ledar, an kankare tsohon gam, an manna sabuwa a daidai kusurwarta.

Game Gear ta kamfanin Sega, wadda ta fito a 1990 da sikirin mai launi, tana kuma cinye batir shida cikin awa uku zuwa biyar, tata matsalar daban ce: ƙananan sassan da ke tara wuta su sake ta, waɗanda ake kira kafasita, suna zubar da ruwansu a kan allo, sauti ya dushe, hoto ya yi duhu, kuma ba a tsira sai an sauya su gaba ɗaya. A PSP kuwa batir ne ke kumbura har ya ture murfinsa, kuma irin wannan batir ba a huda shi ba a kuma sake yi masa caji. Kaset ɗin wasan Game Boy ma yakan zo da nasa ƙaramin batir mai siffar kwabo wanda ke riƙe inda mai wasa ya tsaya, idan ya mutu sai a narka dalma a sa wani. Ya kamata a kula da caja, domin wutar Najeriya bolt 230 ce, alhali cajojin da aka yi wa kasuwar Amurka ko Japan a wancan zamani da yawansu 120 ko 100 kawai suke ɗauka.

Bayan gyara sai kwaskwarima, wato ƙara wa na'ura abin da ba a ƙera ta da shi ba. Wadda ta fi farin jini ita ce sauya tsohon sikirin da sabo mai fitila a bayansa, musamman a Game Boy Advance ta farko, wadda ba a ganin hotonta sai an karkata ta wajen haske. Ana kuma sa batirin caji mai amfani da igiyar cajin waya, wanda a wurin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa kuma batirin rediyo mai kyau ya yi tsada ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kusan duk waɗannan sassa daga China ake yin odarsu da dala, kuma tun bayan da aka saki farashin naira a Yuni 2023 sabon sikirin yana iya fin kuɗin da aka sayi na'urar kanta a gwanjo.

A nan ne ya dace mai sha'awa ya tsaya ya yi tunani, domin da yawa daga cikin sabbin sikirin ba sa shiga sai an yanke cikin jikin na'urar, kuma abin da aka yanke ba ya komawa. Na'urar da gilashinta ya riga ya mutu babu asara a yi mata haka, amma wadda ke da lafiya an fi kyauta mata idan aka sayi jikin roba na kasuwa aka yanke shi, aka adana na asali. Haka ma wanke jikin da ya yi rawaya da ruwan haidirojin a ƙarƙashin rana, wadda Abuja ba ta rasa ba, yakan dawo da fari na ɗan lokaci ne kawai, launin kuma yakan sake juyawa.

Akwai kuma kwaskwarimar manhaja, wadda ta fi shahara a PSP, inda ake sauya tsarin da ke tafiyar da na'urar domin ta karanta wasanni daga katin ajiya maimakon faifanta na UMD, kamar yadda ake samun kaset na musamman mai ɗaukar katin ajiya a Game Boy. Amfanin wannan a bayyane yake ga wanda injin faifansa ya lalace, da kuma masu rubuta sabbin wasanni ko haɗa kiɗa da sautin tsohuwar na'ura, sai dai wasannin kamfanoni suna nan ƙarƙashin haƙƙin mallaka komai tsufansu. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023 kuma Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya mai hedikwata a Abuja ke kula da ita, ta shafi kwafin da ake yi ta na'ura kamar yadda ta shafi littafi da faifai, don haka mai shagon da ke loda wa mutane ɗaruruwan wasanni a kan kuɗi yana kan matsayi daban da wanda ya sauya wa na'urar ƙuruciyarsa kafasita.